Gwiwar da Aka Ɗora wa Laifi

Tun ranar da aka raɗa wa Mujaheed suna, Safiyatu ba ta taɓa kama sunan nan a bakinta ba. Ɗanta ne na fari, kuma a Rimawa inda ta tashi, da Wurno inda aure ya kawo ta, uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle a gan ta tana rawar jiki a kansa. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron ga". In aike ya kama, sai ta dubi tukunya ta ce, "Da za a samu mai sawo muna gishiri." Shi kuma ya miƙe ya tafi. Da ƙuruciya ta haife shi, har baƙi kan ɗauka yayarsa ce. Yanzu ya shekara goma sha huɗu, ya kusa kamo ta a tsawo, kuma kaf unguwar an san shi da ƙwallo. Shi ne lamba bakwai a ƙungiyar yaran unguwa, mai gudu a gefen fili kamar an biyo shi da bulala.

Baki dai ta kame, amma ba wanda ya ce ta rufe ido. Da wutsiyar ido ta rene shi. Ta san tafiyarsa in sun ci wasa, ta san ta ranar da aka ci su, tun kafin ya ƙaraso tsakar gida.

A ƙarshen damina, ana cikin yankan gero, suka tafi wasa Rabah washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Da la'asar sakaliya kocinsu, wani saurayi mai gyaran waya da ake kira Zaharaddeen, ya sauke shi a ƙofar gida kan babur. Yaron ya shigo yana jan ƙafar dama. Mahaifinsa Halliru na tsugune yana alwala, kuma da yake shi ma kunyar ɗan farin yake yi, butar ya tambaya.

"Mi yas samu ƙahwag ga?"

Mujaheed ya sunkuyar da kai. "Gwiwa ta, Baba."

Shi ke nan gwiwa ta shiga uku. Aka gasa ta da tsumma da ruwan zafi, aka murza ta da man zafi, maƙwabciya ta kawo wani ƙulli da ta rantse shi ya tayar da mijinta. Da abin ya ƙi, Halliru ya goya yaron zuwa Rara wurin Sale mai ɗori. Yadda ya dawo ya ba da labari, Sale ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya bi ta da babban yatsa ciki da waje, sannan ya goge hannunsa a riga.

"Halliru, ni ban ishe komi ba ga gwiwag ga. Ba karaya, ba targaɗe. Yaro, ka tabbata nan na?"

"Nan na, Baba Sale."

"To. Hannuna dai bai gani ba, ni kau ba ni ɗaure abin da ban gani ba. Ku nemi wani ido."

Halliru ya ce tsufa ne ya fara taɓa Sale. Safiyatu kuwa ta sa wa tsohon albarka a zuci, don maganarsa ta zo daidai da abin da ya fara yi mata kai-kawo a rai.

Kwana kaɗan yaron ya huta, ya naɗa bandeji a gwiwa ya koma fili. An sa ranar fara gasar kofi tsakanin ƙungiyoyin yara na Wurno da Rabah da Goronyo, kuma duk wanda ya daina zuwa atisaye, wani za a ba rigarsa. Kullum in ya dawo ɗingishin ya ƙaru.

Ita kuwa tana tsintar shinkafa tana kallo. In ya tayar da salla, zai yi ruku'u, ya yi sujada, ya zauna tahiya a kan gwiwar nan da ake wa jinya, ko fuska ba ya yamutsawa. Amma keken da ya saba hawa da tsalle, yanzu sai ya kwantar da shi kusan ƙasa sannan ya tsallaka a hankali. In zai tashi daga tabarma, hannu biyu yake sawa ya ɗaga cinyar. Ranar da hayaƙin murhu ya sa shi atishawa, ta ga hannunsa ya tafi can sama, inda cinya ta haɗu da mara, kafin ya yi wuf ya mayar da shi kan gwiwa. A Rimawa akwai ɗan ƙanen babanta da ya ɓoye ciwo a irin wannan wuri yana yaro, har yau da sanda yake zuwa masallaci. Ba ta sani ba ko ciwon ɗaya ne. Ta dai san ana ta zuba magani inda babu ciwo, yaron kuma yana ta gudu a kan inda ciwon yake, kuma ƙafar da aka yi wa haka wata rana za ta ƙi tashi.

Da Halliru ya dawo daga fadama da azahar, ta ajiye masa fura ta zauna daga gefe.

"Malam, ciwon yaron ga ba ga gwiwa shike ba."

"Shi da bakinai yac ce gwiwa. Kin hi shi sanin jikinai?"

"Sama shike. Ga matsematsi."

Halliru ya ƙware da fura. Da ya gama tari ya dubi ƙofa, ya dubi rufin ɗaki. "Ke kuma ina kinka gani?"

"Ido gare ni. Ka tambai shi."

"Ni? In zamna da ɗan hwari in tambai shi wanga wuri? Haba Safiya. Ko na tambaya, ƙasa za shi diba ya ce min gwiwa. A gaya ma kocinsu."

"Wanda shika tsoron ya hidda shi cikin 'yan wasa? Shi za shi hwaɗa ma gaskiya?"

Halliru ya ture furar gefe ya miƙe. Ta san ba rashin damuwa ba ne, don rabin furar ya bari, shi da ba ya rage ko cokali.

Ta wuni tana juya abin. Uba ba zai tambaya ba. Ita in ta tambaya, yaron nutsewa zai yi a ƙasa don kunya, kuma ƙaryar ce dai za ta sake fitowa. Tana kwashe shanya sai ta tsaya cak da zani a hannu. Akwai mutum ɗaya a duniya da babu shamaki tsakaninta da Mujaheed, wadda take kiransa maigida shi kuma yana ce mata tsohuwar banza mai cinye goro, a yi dariya a tashi. Kakarsa ce, Inna Habi, mahaifiyar Safiyatu.

Washegari da sassafe ta goya ƙaramar 'yarta ta shiga motar Goronyo, don yadda hanya ta zama yanzu, kowa so yake rana ta faɗi yana cikin gida. Ta tarar da tsohuwar tana ɓarar wake a tsakar gida. Bayan gaisuwa da shan ruwa sai ta hau kewaye-kewaye, saboda kawo kukan ɗan fari gaban uwar da ta haife ka shi ma wani abin kunyar ne.

"Inna, yaron ga na ba shi da lahiya."

"Wane yaro? Yara da yawa Wurno."

"Inna, don Allah."

"A'aha! Jama'a ku zo ku gani. Ɗiyan zamani! Ta hawo mota tun daga Wurno sabadda ɗan hwari. Ni da nih haihi yayanki, ko wuta yah hwaɗa sai dai in ce ma maƙwabta ana ƙauri."

Safiyatu ta rufe fuska da gefen hijabi, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ta faɗi abin da ta gani, tun daga salla har atishawa. Inna Habi ta daina ɓarar waken. Ta dubi 'yarta, ta miƙe ta karkaɗe zani.

"Kin kyauta da kinka zo. Ɗauko min mayahi da carbina. Waken ga ya jira."

Sun iso Wurno kafin la'asar. Mujaheed na zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke tsakar gida yana naɗa bandeji, zai tafi atisaye. Safiyatu ta wuce ɗakin girki, ta ja kujera kusa da ƙofa, ta hau tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe jiya.

"Ina maigidan?" in ji Inna Habi. "Ga amarya ta zo ba a tarbe ta ba."

"Tsohuwa, wa yag gayyato ki? Mu ba mu da goro."

"Zuwa niy yi a raba auren ga. An ce min ka koma gurgu, ni kau ba ni zama da gurgu, ga samari sun yi layi Rimawa."

"Su wa? Masu haƙori guda-guda?"

Ta zauna a tabarmar, ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta, ta warware bandejin. Ta matsa gwiwar. Ta ƙara matsawa da ƙarfi, ta haɗa da mintsini.

"Wayyo! Wanga ai mintsini na!"

"Shi kaɗai kaj ji. Gwiwag ga ta hi tawa lahiya." Ta sassauta murya, amma ba yadda mai tankaɗe za ta kasa ji ba. "Kai, dibe ni nan. Ni niy yi maka wankan hwarko. Ni nig gasa maka cibiya. Ranad da wanzami yay yi maka shayi, ni nir riƙe ƙahwahun ga kana kuka awa ɗan akuya. Mi ag gare ka da ban gani ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina na?"

Safiyatu ta tsayar da rariya. Can sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce a Rabah ne, ya miƙa ƙafa zai tare ƙwallo, ɗayar ta zame a taɓo, ya ji wani abu ya tsinke masa a matsematsi kamar an ja roba ta katse. Da aka tashi wasa ya gaya wa wani babban yaro a ƙungiyar, shi kuwa ya kwashe da dariya, ya ce ciwon wurin nan na 'yan iska ne masu bin mata, kuma wanda ya kama ba ya haihuwa.

"Wallahi Kaka ban yi komi ba. In Baba yaj ji, mi za shi ɗauke ni?"

"Wane jaki na yag gaya maka hakan ga? Shi likita na, ko ubanai?" Ta dungure masa kai. "Kakanka ya yi wanga ciwo garin tsallake rahi da buhun gero bisa kai, bayan nan gida ya cika da ɗiya har muna rasa wurin shimhiɗa. Share hawayen ga, kada 'yan matan unguwa su ce mijina rago na."

A ɗakin girki Safiyatu ta ajiye rariyar ta dafe ƙirji. Wajen wata guda yaron nan yana ɗauke da wannan tsoro shi kaɗai, a gida ɗaya da ita, yana cin tuwon hannunta. Ta yi hamdala a hankali, ta sake yi, ta ce Allah ya ƙara wa tsohuwar nan kwana.

Saura Halliru. Suruka da surukinta su ma ba su haɗa ido, saboda haka da ya dawo sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta. Inna Habi ta juya ta fuskanci rumbu.

"Rumbun ga, ka gaya ma mai gidan ga gobe da sahe a kai min mijina asibiti. Tsoka ta yaj ja wurin ƙwallo, ba wani abu ba, kada ran kowa ya tahi nesa. Kuma a ƙyale gwiwa ta huta, ta sha wuya ba da hakkinta ba."

"To, Inna. In sha Allahu, Inna," in ji Halliru yana kallon ƙasa, da muryar wanda aka sauke wa kaya daga ka.

Safiyatu ta ce za ta bi su, wai a duba mata 'yar goye. Kowa dai ya san ainihin dalilin. Ma'aikacin da ya duba yaron, Malam Sa'adu, mutumin Maikujera ne, dattijo mai furfura a gemu. Ya sa uban ya jira a waje, ya ja labule, ya daɗe da shi. Ya duba ko ƙaba ce, bai samu ba. Duk da haka ya ce sai an je Sakkwato an ɗauki hoton ƙugu, don yaro mai tasowa ƙashinsa bai gama ƙwari ba, wani lokaci kan ƙashin cinyar ne ke gocewa, wannan kuwa ba a yi masa jinkiri. Kwanakin da aka yi kafin a dawo da hoton, Safiyatu ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Allah ya taimaka ƙashi lafiya lau. Tsokar cikin cinya ce ta ɗan yage a inda ta kama ƙashi, gudun da ya yi ta yi a kanta ya hana ta haɗewa.

Ranar da suka koma da hoton ta matso bakin ƙofa don ta ji da kunnenta, saboda ta san Halliru, rabin bayani zai kawo gida ya bar rabi a hanya. Malam Sa'adu ya hango ta.

"Ke ta mahaihiyatai?"

Ta dubi ƙasa. "Ɗan gidanmu na."

Dattijon ya yi murmushi, don shi ma uwa ce ta haife shi a irin wannan gida. "Na gane. To ki gaya ma matad da ka ba shi abinci. Ba ƙwallo, ba keke, ba tsallaken hanyar ruwa ga hwadama. Kada a murza wurin, kada wanzami ya kusance shi da ƙaho. In zogin ya kwanta ni koya mai motsa jiki kaɗan-kaɗan. Ciwon ga yaudara gare shi, shina yin shiru tun bai warke ba. Yaro ya ga ya yi tahiya lahiya, ya koma hili, ta sake yagewa, na biyun kau ya hi na hwarko wuyar haɗewa. Sai na ce ya koma, sannan."

"Za ta ji," in ji Safiyatu. "Allah shi saka da alheri, Malam. Allah shi jiƙan mahaihwa."

Inna Habi ta zauna ta zama mai gadi. Da zogin ya lafa, kullum da safe Mujaheed zai kwanta rigingine a tabarma, ya matse matashin kai tsakanin gwiwoyinsa yadda aka koya masa, ya saki, ya sake matsewa, tsohuwa na zaune a kansa tana cewa ko ɗan tsako ya fi shi ƙarfi. Safiyatu ma ta ɗauki nata ɓangaren. Wake da ƙwai suka yawaita a kwanonsa, in mai kifin Goronyo ya wuce ba ta barin shi ya wuce haka nan. Keken ta kulle a ɗakin hatsi ta ce mabuɗi ya ɓace. Dashen albasa da yaron ya saba taya ubansa, ta aika aka kira ƙanenta Usaini ya zo ya riƙe masa.

A hankali ɗingishi ya tafi. Ya fara zagaya unguwa da sauri-sauri, sannan Malam Sa'adu ya ƙara masa ɗan gudu a miƙe, ban da juyi, ban da bugu. Da Inna Habi ta ga haka ta ce wakenta na kiranta, ta koma Rimawa.

Ba a jima da tafiyarta ba ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, za su kara da yaran Goronyo a nan Wurno. Da azahar, Halliru da Usaini na fadama, aka yi sallama a zaure. Zaharaddeen ne. Safiyatu na wanki ta jiyo shi yana cewa wanda aka ba lamba bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi, ko rabin lokaci ne Mujaheed ya zo ya taimaka, ai jiya ma ya gan shi yana gudu kamar barewa. Yaron ya shigo da sauri ya faɗa ɗaki, ya fito da takalman ƙwallo a hannu. Bai dube ta ba, ita ma ba ta dube shi ba.

Babu kaka, babu uba, rumbu kuma ba zai kai mata wannan saƙon ba. Ta tsame hannu daga kumfa, ta zura hijabi, ta riga shi isa bakin zaure, ta tsaya daga bayan labule.

"Sannu da zuwa, Koci."

"Umma, ina wuni? Aro niz zo, in maido shi kahin magariba."

"Malam Sa'adu bai sallame shi ba."

"Ai gwiwag ga ta warke, Umma. Mu ɗaure ta da kyau, ba abin da ka samun ta."

Sai a lokacin ta gane ba wanda ya gaya wa kocin gaskiya. Ta ji numfashin yaron a bayanta. In ta buɗe baki ta faɗi wurin a gaban malaminsa, ta kunyata shi kunyar da zai daɗe bai manta ba. In ta ce ba za shi ba kawai, katangar baya gajera ce, ta san yana iya hawanta. Ta riƙe gefen labulen ta yi magana da kocin, amma ba don kunnensa kaɗai ba.

"Koci, wata guda munka yi cikin gidan ga muna ma gwiwa magani, ƙahwa na lalacewa. Ba ni son a ƙara. Mai ƙahwa na nan, shi yas san abin da shika ji. Abu guda nika roƙo. A tambai shi tsakani da Allah, abin da yah hwaɗi kau a yarda."

Ta matsa gefe ta ba da hanya. Mujaheed ya wuce ta ya shiga zauren. Ta ji takalman na gugar juna a hannunsa. Daga nesa ana jiyo yara suna busa usur suna tafiya fili.

"Muja, mi an na?" in ji Zaharaddeen.

"Koci, ba gwiwa ba ta." Ya rage murya. "Matsematsi na. Tsoka ta yage tun wasan Rabah. Gudu miƙe ba ni jin komi. Amma shekaranjiya na gwada bugun gwangwani bayan gida, sai da nid duƙe."

Wannan ko Safiyatu ba ta sani ba.

"Inna lillahi! Kai Muja! Duk kwanakin ga kana gudu bisa wanga, ni ina ta sawo maka bandejin gwiwa awa wawa?"

"Tsoro nika ji ka ba wani lambata."

"Lamba ai riga ta, tana cikin buhu, ɓera kaɗai ka iya ƙwace maka ita." Ya ɗaga murya ta wajen labule. "Umma, ki gahwarce ni, wallahi ban sani ba. Abokina wanga ciwo yar raba shi da ƙwallo, sabadda gaggawa. Kai, aje takalman ga. Taho ka zamna benci ka yi muna ihu, baki dai bai yage ba. Kuma akwai wasu biyu da ka ɗingishi suna ce min idon sawu na. Yau sai na ja su gehe ɗai-ɗai."

"Allah shi yi maka albarka, Koci," in ji Safiyatu. Sannan ta dubi bangon zaure. "Allah shi yi ma duk mai hwaɗin gaskiya albarka."

"Amin," in ji yaron, murya can ƙasa.

Da ƙarar babur ta yi nisa ta koma wurin wankin.

An ci su a ranar, kofin ya tafi wani gari. Mujaheed ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, ko miya ya ce ta yi gishiri. Ta ƙyale shi. Zaharaddeen kuwa da kansa ya je wurin Malam Sa'adu ya koyo motsa jikin nan, ya sa duk yaran suna yi kafin a taɓa ƙwallo, har wanda ya yi wa Mujaheed dariya, shi aka sa yana ɗaukar buhun riguna.

Sai da albasa ta yi kore shar a fadama Malam Sa'adu ya yarda da juyi, sannan bugu a hankali, sannan wata safiya ya dafa kafaɗar yaron ya ce ya tafi Allah ya kiyaye. Wasan farko na sada zumunci ne da yaran Rara. A ranar, Safiyatu ta share tsakar gida sau biyu, ta leƙa zaure ba ta san abin da take nema ba. Ana kiran magariba ya shigo, rigar duk datti, fuska a murtuke. Ya yi salla, ya jawo kwanon tuwo kusa da kawunsa Usaini, ya fara zuba ƙorafi.

Alƙalin wasan nan makaho ne. Golan ƙungiyarsu hannunsa kamar kwando. Mai tsaron bayan Rara ya kai shekara ashirin in ba a ce da 'ya'ya ba, kuma ya kwashe shi a gaban raga kowa na kallo, alƙali ya juya baya. Safiyatu na bakin murhu ta kasa kunne, tana jiran kalma ɗaya ta fito cikin ƙorafin. Tuwo ya yi rabi, ba ta fito ba. Ya ƙare, ba ta fito ba.

"To, ƙahwa hwa?" in ji Usaini.

"Wace ƙahwa? Kawu, ina gaya maka hwanariti na ƙiri-ƙiri!"

Safiyatu ta rufe tukunya, ta shiga ɗaki ta shimfiɗa darduma, ta kai goshinta ƙasa. Ta daɗe a haka tana godiya, tana roƙa wa duk wanda ya sa hannu ko baki a kan ƙafar nan alheri. Har ta ɗago, a tsakar gida ba a gama da alƙalin wasa ba.